Gidan Talaka a Kaduna

Bayan ci da sha da sutura, ba abin da ɗan Adam ya ke bukata kamar wurin kwana. Tsuntsu ma da ya ke yini yana shawagi a sama, in magariba ta yi sheƙarsa ya ke nema. Magidancin da ke da gidan kansa, ko da ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, ya kan yi barci da hankalinsa a kwance. Wanda ke zaune a gidan haya kuwa, da ƙarshen shekara ya gabato sai zuciyarsa ta riƙa ɗar-ɗar, gama bai san abin da mai gida zai ce ba. Watakila a ƙara masa kuɗi, watakila a ce ya kwashe kayansa. In ya tashi, 'ya'yansa su bar makarantarsu, matarsa ta rabu da masu sayen abin sana'arta, shi kuma ya yi nisa da wurin aikinsa. Saboda haka maganar gida babbar magana ce, ta kuwa shafi yara kamar yadda ta shafi manya.

A birnin Kaduna, a unguwannin da ke arewa da kogi, irin su Kawo da Unguwar Shanu da Badarawa da Tudun Wada da Rigasa, mutane da yawa a haya su ke zaune. A kan sami gida guda mai ɗaki goma, kowane ɗaki da iyalinsa, ga makewayi ɗaya, ga rijiya ɗaya. Gwamnatoci kuwa sun sha yin alkawarin gina wa talakawa gidaje masu araha. Niyyar tana da kyau, amma hanyar tana bukatar gyara. Abin da ya fi dacewa gwamnati ta sa ƙarfinta a kai shi ne fili. Ta auna shi, ta fitar da hanyoyi, ta kai ruwa, ta ba da takarda, sa'an nan ta bar mai fili ya yi gininsa sannu a hankali gwargwadon ƙarfinsa. Tarihin garin kansa ya isa shaida.

Yadda Aka Kafa Garin

Kaduna ba tsohon birni ba ne kamar Kano ko Katsina ko Zariya. Ba ta da ganuwa, ba ta da ƙofofi. Kafin zuwan Turawa ƙauyukan Gbagyi ne a wurin, watau mutanen da Hausawa ke kira Gwari, suna noma a bakin kogi. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin saboda ruwa da hanyar jirgin ƙasa, a shekarar 1917 kuma aka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru aka kawo ta nan. Sai garin ya cika da soja da akawuna da ma'aikatan reluwe da leburori da 'yan kasuwa, kowa daga garinsu ya zo. Watau tun farkonta Kaduna garin baƙi ne, baƙo kuwa ba ya tarar da gidan gado.

Turawa suka keɓe wa kansu bariki mai manyan filaye da itatuwa, dokar wancan zamani kuma ta ce a bar sarari na yadi 440 tsakaninsu da sauran jama'a. Wannan rabo ba na adalci ba ne. Amma akwai abu guda da aka yi wanda ya yi amfani. A inda aka zaunar da 'yan ƙasa kusa da kasuwa, sai da safiyo ya auna ƙasa, ya fitar da tituna a miƙe, ya yanka fuloti, tukuna mutane suka fara gini. Aka sa wa titunan sunayen garuruwa, irin su Titin Kano da Titin Katsina da Titin Ibadan. Gidajen da aka fara ginawa a kansu yawancinsu na ƙasa ne, an rushe su an sāke, waɗansu ma sun zama benaye. Titunan kuwa suna nan a inda safiyo ya ja su. Mota na shiga, motar kashe gobara na shiga, ruwan sama na samun hanyar wucewa. Gida a kan sāke shi in an sami hali, amma hanya in ba a bar wurinta tun farko ba, ba a samunta sai da rusau da kuka.

Da aka yi ƙidayar 1963 mutanen Kaduna wajen 150,000 ne. Gwamnatin Jihar Arewa ta ga garin na bunƙasa, ta kira wani Bature masanin tsara birane, Max Lock, shi da abokan aikinsa suka bincike garin suka zana yadda ya kamata ya yaɗu har zuwa shekarar 2017. An buga tsarin a 1967. A wannan shekarar kuwa aka raba ƙasa jiha goma sha biyu, yaƙin basasa kuma ya tashi. Garin ya yi ta girma, har ya fi ƙarfin masu awo. Yau mutanen Kaduna sun haura miliyan ɗaya nesa ba kusa ba. Rigingimun 2000 da 2002 kuma suka sa dubban iyali suka yi ƙaura daga wannan gefen kogi zuwa wancan, kowa na neman inda zai kwana ba fargaba, unguwannin bayan gari suka daɗa cika.

Gidajen Gwamnati

An daɗe ana gwada dabarar gwamnati ta gina gidaje da kanta. A 1973 aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya. Cikin shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 aka yi niyyar gina gida 202,000 a Nijeriya duka, amma da wa'adin ya cika ba a gina ko kashi 15 cikin 100 ba. Da Shugaba Shehu Shagari ya hau a 1979, gwamnatinsa ta shirya gina gida 2,000 a kowace jiha kowace shekara. Abin da aka gama bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Waɗansu kuma an gina su can nesa da gari, inda ba ruwa, ba kasuwa, ba motar haya, suka daɗe ba kowa a ciki sai ƙadangaru.

Ba a ce ba a amfana ba ko kaɗan. Rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi na Malali da na Unguwar Rimi suna nan, an haifi yara a cikinsu, sun girma, sun yi aure. Sai dai in an ƙidaya gidajen da gwamnati ta gina a arewacin Kaduna, aka gwada su da waɗanda mutane suka gina da guminsu, za a ga kamar an ɗebi ruwa da ludayi ne daga kogi. Yawancin waɗanda suka samu kuma ma'aikata ne masu albashi. Mai tura baro, da mai faci, da mai sayar da ƙosai, da kyar sunansu ke shiga. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa gidajenta na ma'aikata kusan 2,000 a kasuwa, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Baitulmali ya sami kuɗi, waɗansu sun zama masu gida, amma cinikin bai ƙara wa garin ko ɗaki ɗaya ba. Hannu kawai gidajen suka sauya.

Ɗan Lissafi

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna inda wahalar ta ke. A 2024 aka tsai da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya a kan naira 70,000 a wata. A ɗauka a ce an gina ɗan ƙaramin gida na bulo da siminti, ciki biyu da falo, ya ci naira miliyan 10. Albashin shekara na ƙaramin ma'aikaci naira 840,000 ne. In ya tara albashinsa duka, bai ci ba, bai sha ba, sai ya yi kusan shekara 12 kafin ya biya. In kuwa rubu'in albashin ya ke ajiyewa, ya ciyar da iyali da sauran, to, sai ya yi shekara 47 da 'yan watanni. Wanda ya fara tari yana saurayi, sai da furfura zai karɓi mabuɗi.

Wani ya ce, ai akwai rance. Gaskiya ne. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ana cire naira biyu da rabi daga kowace naira ɗari ta albashin ma'aikaci ana zubawa a ciki. Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya ke riƙe da asusun, yana ba da rance da ruwa na kashi 6 cikin 100, a biya cikin shekara 30. Wannan ya fi na sauran bankuna sauƙi ƙwarai. Duk da haka, wanda ya ranci naira miliyan 10 bisa wannan sharaɗi, kowane wata kusan naira 60,000 zai riƙa biya. Mai albashin 70,000 me ya rage masa? Mutanen da ba su da albashi kuwa, su ne suka fi yawa a gari, wannan ƙofa ma da wuya su kai bakinta. Ashe gidan da aka gama shi tsaf aka miƙa wa mutum ya biya, ko an kira shi mai araha, ya fi ƙarfin talaka.

Yadda Talaka Ke Gini

To, amma ga gidaje nan fal a Rigasa da Hayin Banki da Badarawa da Mando. Wa ya gina su? Talakawa ne da masu matsakaicin hali. Yadda su ke yi kuwa sananne ne. Mutum ya yi adashi, ya kwashi rabonsa, ya sayi ɗan fili. Bayan shekara ya buga bulo ɗari biyu ya jibge. Wata shekarar ya fitar da harsashi, ya tā da ɗaki ɗaya, ya rufa kwano, ya tare da iyalinsa. Daga ranar kuɗin da ya ke ba mai gidan haya sun koma kuɗin siminti. In an yi haihuwa ya ƙara ɗaki, in ɗa ya isa aure a yi masa nasa a waje, in hali ya samu a fitar da shago a bakin hanya. Gidan na girma tare da iyalin, ba bashin kowa a kansa. Da yayyafi kogi kan cika.

Inda abin ya ɓaci shi ne filin da ya saya. Yawanci awon igiya ne. Mai gona ya ga gari ya iso shi, ya kira dillali, a ɗauki igiya a yanka gonar gunduwa-gunduwa. Tun da ya ke kowane taƙi kuɗi ne, ba a barin hanya sai ɗan lungu, ba a barin wurin makaranta, ba a barin wurin asibiti ko maƙabarta ko filin wasan yara. Ba lambatu, saboda haka ruwan wanka ya kwanta a lungu, sauro ya yi gida. A kan haƙa rijiya kusa da masai, ciwon ciki ya kama yara. Takardar filin kuwa ta hannu ce da shaidu biyu, banki ba ya karɓarta, wani lokaci ma a tarar an sayar wa mutum biyu fili ɗaya.

Wanda ya fi rashin ƙarfi sai ya gangara fadama, bakin Kogin Kaduna, inda fili ya fi araha. A damina ta 2003 kogin ya cika ya batse, ya ci gidaje masu yawa a unguwannin da ke gaɓarsa, a 2012 kuma ya sāke. Waɗansu kuma su yi gini a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ko a filin hukuma, ran nan a zo da jan fenti a yi wa bango alama, a rushe. Gumin shekara goma ya tafi a yini ɗaya. Doka tana da gaskiyarta, gama ba a barin mutane su kwana a bakin halaka. Amma da an nuna wa mutumin nan halattaccen wuri tun farko, da bai je can ba. Rigakafi ya fi magani.

Abin da Ke Hannun Gwamna

Gwamna ba shi ne ke yanka kuɗin siminti ba. A farkon 2024 buhu guda ya haura naira 10,000, ba kuwa gwamnan da ya iya hanawa. Amma ƙasa tana hannunsa. Tun 1910 dokar Turawa ta sa ƙasar Arewa a hannun hukuma, a 1978 kuma aka yi Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, ya riƙe su amana domin jama'a. Shi ke ba da takardar mallaka, yawanci ta shekara 99, ba a kuwa jinginar da filin birni ko a sayar sai da yardarsa. Wanda aka ba amana, da ita za a fara tambayarsa.

Abu na farko, gwamnati ta riga gari isa daji. Gari na yaɗuwa ta hanyar Zariya wajen Rigachikun, da ta wajen Mando da Afaka, da ta bayan Rigasa, inda tashar jirgin ƙasa na Abuja da aka buɗe a 2016 ta jawo jama'a. Kafin igiyar dillali ta isa gonakin da suka rage, ya kamata safiyo ya isa. A biya manoma diyya ta gaskiya, a kan lokaci, har ma a ba su rabo cikin fulotin, don kada a gyara wa wani a ɓata wa wani. A fitar da tituna ko da na jar ƙasa ne, a haƙa lambatu, a sa kwalbati, a kai famfo ko rijiyar burtsatse, a keɓe wurin makaranta da kasuwa da asibiti da wuraren ibada. Kwalta na iya jira, amma wurin hanya ba ya jira. Kuɗin da za a gina wa iyali ɗaya gida da su, sun isa a gyara wa iyali da dama fili. A kuma tabbata akwai motar haya mai zuwa cikin gari, don fili mai araha da kuɗin mota mai tsada bai rage wa lebura kome ba.

Abu na biyu, a sauƙaƙe takarda. A nan an taɓa abin kirki. A 2015 aka yi dokar kafa hukumar KADGIS, wadda ke ajiye taswirar filayen jihar da sunayen masu su a cikin kwamfuta, maimakon tsofaffin fayiloli da kan ɓace. Saura a kai wannan aiki ga mai ɗan fili. Ma'aikata su riƙa shiga unguwa-unguwa, su zauna a ƙofar gidan mai unguwa, su auna, su rubuta, a bar talaka ya biya kaɗan-kaɗan. Hukumar tsara birane ta KASUPDA kuma ta tanadi zanen ƙananan gidaje iri uku ko huɗu, waɗanda aka riga aka yarda da su, a ba mai bukata kyauta, ya gina ɗaki ɗaya bana, ya ƙara baɗi, ba tare da ya sāke neman izini ba.

Abu na uku, a daina raina ƙasa. Kakanni da tubali da azara da makuba suka yi gini. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, bakan gizonsa kuwa ya daɗe tsaye a cikin sabon ginin da aka lulluɓe shi da shi. Ruwan Kaduna ya fi na Kano yawa, saboda haka ginin ƙasa a nan na son harsashin dutse da rufi mai faɗin baki. Amma akwai dabarar zamani. Ana cuɗa jar ƙasa da siminti ɗan kaɗan, a matse da inji, a sami bulo mai ƙwari mai sanyin ɗaki. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta ƙera irin wannan inji. Abin da ya hana shi yaɗuwa har da kunya, don mutane na ganin ginin ƙasa alamar talauci ne. In gwamnati ta gina azuzuwan makaranta da ɗakunan shan magani da shi, ta koya wa samari bugawa, kunyar za ta fita, samarin kuma sun sami sana'a.

Abu na huɗu, rance ya zo daidai wuyan mai ɗauka. Talaka ba miliyan goma ya ke nema ba. Kuɗin bandir biyu na kwano ya ke nema kafin damina, ko kuɗin ƙofa da taga. Ƙungiyoyin gama kai na 'yan kasuwa da masu sana'a sun san mutanensu, sun san mai biya. Gwamnati na iya tsaya musu a banki, su kuma su raba wa 'ya'yansu. Da yawa daga mutanen arewacin Kaduna kuma ba su son rance mai ruwa saboda addini. Tun 2012 akwai bankin da ba ya ta'amali da ruwa a garin, gama Kaduna na cikin wurare uku da bankin Jaiz ya fara buɗe ƙofa. Ana iya shirya yadda banki zai sayi kayan gini ya sayar wa mutum da riba sananniya, ya biya wata-wata.

Abu na biyar, filin da aka kewaye aka bari ya biya haraji. A cikin gari akwai filaye da ke da hanya da ruwa da wuta, masu su sun ja katanga sun kulle shekara da shekaru, suna jiran su yi tsada. Jama'a ce ta biya kuɗin hanyar da ta sa filin ya yi daraja. In harajin kango ya fi na gida nauyi, mai shi zai gina ko ya sayar wa mai ginawa.

Masu Ja da Wannan Magana

Akwai masu cewa, ai Singafo gwamnati ce ta gina gidaje, ta kuwa ci nasara. Haka ne. Tun 1960 hukumar gidajen ƙasar ke gini, yau wajen mutum takwas cikin goma a gidajenta su ke zaune. Amma Singafo ɗan tsibiri ne mai arziki, yawancin ma'aikatanta na da albashi, ana kuma tilasta musu ajiya mai yawa kowane wata. Wanda ya fi kama da Kaduna shi ne Dakar, babban birnin Sanagal. A 1972 aka fara gyara fuloti fiye da 10,000 a bayan garin da taimakon Bankin Duniya, aka kai hanya da ruwa, aka bar mutane su yi gini. Da fari abin ya yi ta jan ƙafa, har aka yi ta suka. Yau wurin ya zama ɗaya daga cikin manyan unguwannin Dakar, da titunansa a miƙe.

Akwai kuma masu cewa manya za su kwashe fulotin, a yi kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wannan tsoro na da tushe, ya kuwa sha faruwa. Maganinsa a yi rabon a fili. Fulotin su zama ƙanana, irin waɗanda mai kuɗi ba zai yi sha'awa ba. Iyali ɗaya fuloti ɗaya, kwamfuta kuwa na iya tona wanda ya karɓi biyu. A jefa ƙuri'a gaban jama'a, a manna sunaye a ƙofar mai unguwa. A birnin Haidarabad na Pakistan, daga 1986, an yi wata dabara. Mai son fili sai ya zo da iyalinsa da kayansa ya zauna a wurin, ko da a bukka ne, in ya tashi ya bar filin a karɓe. Mai neman filin ajiya ba zai kwana a bukka ba, saboda haka mabukata ne suka samu.

Waɗansu kuma su ce unguwar za ta yi muni, wannan ya rufa, wancan bai rufa ba. Za ta yi, na ɗan lokaci. Amma unguwar da ke da hanya da lambatu kullum gyaruwa ta ke yi, wadda ba ta da su kuwa kullum daɗa cushewa ta ke yi. Sa'an nan akwai waɗanda ko an ba su fili ba su iya ɗora bulo, irin su gwauraye mata masu marayu, da naƙasassu, da waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu. Waɗannan kam a gina musu. A nan ne ya kamata ɗan abin da gwamnati ke iya ginawa ya tafi, tare da zakka da waƙafi da taimakon masu hali. Sababbin unguwannin kuma a buɗe su ga kowa, Musulmi da Kirista, don yaran da suka tashi a layi ɗaya suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya ba su saurin ɗaukar juna abokan gāba.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙauye in za a ɗora jinka a kan yi gayya, kowa ya kama gefensa. Gefen gwamnati shi ne ƙasa da hanya da ruwa da takarda. Gefen talaka shi ne guminsa da haƙurinsa, waɗannan kuwa ya daɗe da nuna yana da su, gama shi ya gina yawancin Kaduna. Cikin yaran da ke zaune a aji yau akwai waɗanda za su zama safiyo, da magina, da masu unguwa, watakila har da gwamna. In an kawo musu maganar gidan talaka, ya kamata su fara tambaya ko an auna fili, ko an bar hanya, ko ruwa ya isa, kafin su tambayi gida nawa za a gina.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka mai da Kaduna hedkwatar Arewa, daga ina kuma aka ɗauko ta?
2. Mene ne awon igiya? Faɗi illolinsa uku.
3. Mutum na samun naira 70,000 a wata, yana ajiye rubu'insu. Nawa zai tara a shekara biyar?
4. Don me aka ce kwalta na iya jira, amma wurin hanya ba ya jira?
5. Zana taswirar unguwarku, ka nuna hanyoyi da lambatu da wurin ɗiban ruwa. Me ya rage ba a yi ba?